Yadda zaka kalli Mughal-e-Azam ka gane abun da rawar cikinsa take faɗa

In dai kana cikin masu kallon fim ɗin Indiya da rimot a hannu, da an fara waƙa sai ka tura gaba, to dan Allah ranar da zaka kalli Mughal-e-Azam ka ajiye rimot ɗin nan can nesa da kai, saboda a wannan fim ɗin wanda ya tsallake waƙa ya tsallake labarin ne ɗungurungum. Ya fito ranar 5 ga Agusta 1960, K. Asif ne darakta, Dilip Kumar ya fito a Yarima Salim, Madhubala ta fito a Anarkali, Prithviraj Kapoor kuma shine Sarki Akbar. Yau fiye da shekara 60 kenan amma har yanzu Indiyawa basu gaji da shi ba, ana koyar da rawar cikinsa, ana kwaikwayonta a sababbin fina-finai, a 2016 ma an mayar dashi wasan dandamali a Mumbai. Mu nan yawancin matasanmu daga zamanin su Shah Rukh Khan suka fara, shi yasa da yawa in sun gwada kallonsa sai suce yayi tsawo ko yana tafiyar hawainiya, alhali ba'a nuna musu inda zasu sa ido bane kawai.

Labarin a taƙaice, dan kar ka ɓata a hanya. Akbar sarki ne na gaske, ya mulki daular Mughal daga 1556 zuwa 1605, ɗansa Salim kuma shine wanda ya gaje shi da sunan Jahangir. Fim ɗin ya fara da sarki yana tafiya ba takalmi cikin rairayi mai zafi zuwa wajen Shehu Salim Chishti neman addu'ar samun ɗa namiji, aka samu ɗan, ya tashi a sangarce, uban ya tura shi fagen yaƙi shekara 14 ya dawo cikakken namiji. Dawowarsa ce ya haɗu da wata kuyangar fada mai suna Nadira wadda sarki da bakinsa ya raɗa mata Anarkali, soyayya ta shiga, sarki yace bai yarda baiwa ta zama sarauniyar Hindustan ba, akwai kuma Bahar wadda ita ma take hangen wannan kujerar kuma ita ce mai kai tsegumi. Har ta kai ɗa ya ja daga da ubansa. Ita Anarkali masana tarihi suna jayayya akan ko anyi ta da gaske, fim ɗin daga wasan kwaikwayon da Imtiaz Ali Taj ya rubuta a 1922 ya samo asali, dan haka kar ka ɗauke shi darasin tarihi. Ƙarshensa kuma bazan faɗa maka ba.

Kafin ka danna komai sai ka san cewa fim ɗin iri biyu ne yake yawo. Akwai na asali na 1960, baƙi da fari, tsawonsa wajen minti 197, wanda wasu wurare kaɗan ne a cikinsa aka ɗauka da kala. Akwai kuma wanda aka bi aka shafa wa kala da kwamfuta aka sake fitarwa a Nuwamba 2004, aka gyara sautinsa, amma an rage masa kusan minti 20 har da waƙoƙi. Yawanci mai kalar zaka fi saurin samu kuma ba laifi, in da yara zaku kalla ko da wanda baƙi da fari yake sa shi barci to ku fara da shi. Amma ni shawarata in kana da hali ka nemi na asalin, dalilina kuwa shine: a na asalin kana zaune tsawon lokaci idonka ya saba da baƙi da fari, kwatsam sai a buɗe ɗakin madubai na fadar sarki kala ta watso maka ja da shuɗi da ruwan gwal daidai lokacin da Anarkali zata tsaya gaban sarki ta faɗi abun da yake ranta, wannan bugun zuciyar ba ya samuwa a wanda aka shafe shi duka da kala tunda can komai kala ne tun daga farko. Shi kansa K. Asif ance yaso ya sake ɗaukar fim ɗin gabaɗaya da kala masu kuɗi da masu rarrabawa suka ƙi saboda an riga an daɗe ana jira, tun 1944 ya fara tunanin aikin, rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta tsayar dashi har sai da aka sake 'yan wasa aka faro daga farko. Amma ƙin da sukayi ni a ganina alheri ya zama.

Sai maganar sauti, kuma wannan da gaske nake. Kar ka kalle shi da sifikar waya. Rabin rawar nan a kunne take, ƙarar ƙararrawar ƙafa da bugun tabla, wato ƙananan gangunan Indiya, sifikar waya kuwa duk cakuɗa su take ka ji wani kacau kacau kawai. Ka sa iyafis mai kyau ko ka jona da sifika babba, in a talabijin ne ka ƙara murya fiye da yadda ka saba. Ka sauke shi gabaɗaya tukunna in data zata baka matsala, saboda ba abun da yake kashe rawa irin hoto ya tsaya yana juyawa a tsakiyar juyi. Ka tabbatar akwai caji ko wuta ta tsaya. Kuma ba dole ka cinye shi a zama ɗaya ba, ka raba shi dare biyu, ka tsaya bayan rawar ɗakin madubai, gobe ka ɗora. Game da yare kuma, nasan da yawanmu mun saba da fassarar Hausa irin ta Indiya-Hausa kuma tana da daɗinta, amma wannan fim ɗin ka nemi mai muryoyin asali da fassara rubuce a ƙasan allo, sannan ka duba tun kafin ka fara ko fassarar tana bin waƙoƙin, saboda wasu kwafin da an fara waƙa sai rubutun ya ɓace, irin wannan kwafin bashi da amfani a wajenka. Mutum huɗu ne suka rubuta maganganun fim ɗin da Urdu mai nauyi, cikinsu har da Kamal Amrohi, baitocin waƙa kuma Shakeel Badayuni ne, kiɗa Naushad.

Yanzu ga mabuɗin, in ka riƙe wannan komai zai buɗe maka. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zaman fada ya sani cewa ba kowa ke magana gaban sarki ba, akwai mai faɗuwa yayi gaisuwa a amsa masa ta bakin wani, akwai wanda ko ɗaga ido bazai yi ba. Anarkali baiwa ce, a tsarin fadar Akbar bata da bakin magana, in ta tsaya gabansa kanta a ƙasa yake, muryarta rawa take, akwai ma wajen da ganinsa kawai yasa ta sume a jikin Salim har ta tsinke masa sarƙar lu'ulu'un wuyansa. Waje ɗaya tak aka yarda ta tsaya a tsakiyar fada kowa yayi shiru ya kalle ta har shi sarkin, shine in an kira ta tayi rawa. Dan haka duk rawar da zaka gani ka tambayi kanka abu uku: wa take yiwa magana, me take faɗa wanda bazata iya faɗa da baki ba, kuma waye a cikin masu kallo ya gane. Ka lura kuma da wani abu da mutane da yawa basa lura, Salim baya rawa ko sau ɗaya a fim ɗin nan kuma baya rera waƙa, babu guje-guje a lambu, babu canza kaya sau biyar cikin waƙa ɗaya. Yarima zama yake yana kallo. Duk motsin a jikinta yake, duk ikon a hannunsu yake, wannan shine rikicin fim ɗin.

Irin rawar sunanta Kathak, ta arewacin Indiya ce, kuma wanda ya tsara ta a fim ɗin shine Lachhu Maharaj na gidan rawar Lucknow, baffan Birju Maharaj. Ba sai ka zama masani ba amma akwai abubuwa kaɗan da in ka sansu idonka zai canza. Na farko ƙafa: mai rawar tana ɗaura ƙananan ƙararrawa masu yawa a idon sawu, ghungroo suke ce musu, kusan irin abun da 'yan rawar koroso suke ɗaurawa a ƙafa, sai dai anan tafin ƙafar a shimfiɗe yake dukan ƙasa yana amsa wa mai tabla ɗaya bayan ɗaya, wato ƙafar ma kayan kiɗa ce. Sai juyi, chakkar, inda take juyawa da sauri a waje ɗaya rigar ta buɗe, abun kallo anan ba yawan juyin bane, tsayawar ce, ta tsaya cak daidai kan bugun da ya dace ba tangaɗi. Kiɗan nasu zagaye yake yi ya dawo kan bugun farko wanda suke kira sam, mafi shahara mai bugu 16 ne, kuma akwai wata dabara da suke maimaita gajeren salo sau uku, na ukun ya sauka daidai kan bugun farkon. Ka gwada tafi a hankali akan cinyarka kana bin tabla, da farko zaka riƙa ɓacewa, amma da ka fara jin wajen saukar nan to ka shiga ciki, zaka ji jikinka yana jiranta kafin ta iso. Sai na ƙarshe wanda shine ya fi komai a wajen Madhubala, wato abhinaya, bada labari da fuska da ido da gira da yatsu. Madhubala ba ƙwararriyar Kathak bace da ta tashi a gidan rawa, koya mata akayi saboda fim ɗin, kuma gaskiya in ƙafa zalla kake nema akwai waɗanda suka fita nesa ba kusa ba, amma a fuska ban ga wadda ta kamo ta ba.

Rawar farko ita ce Mohe Panghat Pe, da muryar Lata Mangeshkar, ana yinta ne a bikin haihuwar Krishna, abun bautar 'yan Hindu, wanda Sarauniya Jodha, matar Akbar kuma mahaifiyar Salim, take yi tunda ita 'yar Hindu ce daga gidan sarautar Rajput. Anan ka manta da ƙafa tukunna, ka kalli hannu da mayafi. Farko fuskarta a rufe take, a hankali ake ɗaga mayafin, kuma ka tuna wannan shine karon farko da take fitowa gaban taro a matsayin mai rawa. Waƙar labarin wata budurwa ce da taje ɗibar ruwa Krishna ya tsokane ta, ya jefi tulunta da tsakuwa ya fashe, kayanta suka jiƙe. To ka kalli yadda take nuna duk wannan ba tulu ba ruwa: hannu ya tashi saman kai ka ga tulun, kafaɗa ta ɗan zabura ka ji tsakuwar, ta kama gefen mayafi ka ga jiƙewar, fuskar tana ƙorafi amma idon dariya yake, wato ƙarar da take kaiwa ba har zuci bace. In ka gama ka tariyo baya ka sake kallo, wannan karon kar ka kalle ta sam, ka jira duk lokacin da kyamara ta koma kan Salim. Zaka ga mutum a zaune baya motsi, bai ce uffan ba, amma an gama dashi. Sarki da sarauniya suna jin waƙar biki, shi kuma wani saƙon daban yake karɓa, ita kanta a wannan matakin a ɓoye take magana, cikin labarin wata take fakewa. Ka riƙe wannan saboda zaka buƙace shi nan gaba.

Daga nan sai gasar ƙawwali, wato waƙar amshi da tafi, Teri Mehfil Mein, Lata Mangeshkar a bakin Anarkali, Shamshad Begum a bakin Bahar. Wannan a zaune ake yinta, sahu biyu na 'yan mata suna fuskantar juna suna tafi, dan haka wasu basa ƙirga ta a rawa, ni kuwa ina ƙirgawa saboda duk abun da Kathak take yi da wuya da gira da tafin hannu yana nan. Ka saurari bambancin muryoyin, ta Shamshad mai kauri da kaifi, ta Lata siririya, kuma ka bi fassarar da kyau saboda muhawara ce sosai: Bahar tana cewa soyayya wahala ce da kuka mai hankali daga nesa yake kallonta, Anarkali tana cewa rayuwar da ba hawayen so a cikinta bata da ɗanɗano. Ka kalli yadda Nigar Sultana mai fitowa a Bahar take ɗaga haɓa tana jefa hannu gaba, ita kuma Anarkali hannunta kullum ƙirjinta yake komawa. Da aka gama Salim ne alƙali, ya miƙa wa Bahar fure ya miƙa wa Anarkali ƙaya, amsar da ta bashi akan cewa ƙaya bata tsoron bushewa tana cikin maganganun da Indiyawa suka fi haddacewa a fim ɗin.

Akwai wani sin a lambu da dare wanda ba rawa a ciki amma kar ka kuskura ka wuce shi, Salim yana shafa fuskarta da gashin tsuntsu, ba wanda yake magana, daga nesa muryar Ustad Bade Ghulam Ali Khan tana tashi a matsayin mawaƙin fada Tansen. Shi Dilip Kumar ya faɗa daga baya cewa lokacin da aka ɗauki wajen nan shi da Madhubala ko gaisawa basa yi, soyayyarsu ta gaske ta riga ta watse. Ka kalla da wannan a ranka.

To sai babbar, Pyar Kiya To Darna Kya, a ɗakin madubai, Sheesh Mahal. Wannan sau uku nake so ka kalle ta kuma kowanne da aikinsa.

Kallon farko kar ka taɓa komai, ka bari ta tafi da kai, amma ka shiga da sanin abun da ya faru kafin nan: sarki ya riga ya kulle ta a kurkuku, aka sako ta bisa sharaɗin zata nuna wa yarima cewa bata taɓa sonsa ba, shi Salim ɗin har ya fara yarda cewa ta sayar dashi. Kowa a ɗakin nan yana jiran rawar miƙa wuya ce. Ta fara da tsantsar Kathak, ƙafa da juyi da sauri, irin abun da aka saba gani a fada ba wanda zai zargi komai, sai kiɗan ya lafa ta buɗe baki, kuma wannan karon babu budurwar bakin rafi babu tulu, da bakinta take cewa tayi so ba sata tayi ba, to tsoron me zata ji. Wadda a rawar farko aka ɗaga wa mayafi a hankali yanzu ita ce take kallon sarki ido cikin ido.

Kallo na biyu ka bi jikinta kaɗai. Ka lura da inda take fuskanta a kowane baiti, wane ta jefa wa Salim wane ta jefa wa Akbar, saboda a fili take rabawa. Ka kalli yadda take takowa gaban karaga maimakon ta tsaya a tsakiyar fili inda mai rawa ya kamata ta tsaya, kowane taku kusantar da bata halatta ba ce. Sai wajen wuƙar, ta zaro wuƙa ta kawo ta ajiye gaban sarki, ma'ana ga ni ga makami in kisa ne bismillah, kuma ka duba hannunta a lokacin, baya rawa. Ka duba murmushin ma, ba irin na farkon bane mai kunya, wannan na wanda ya riga ya yanke shawara ne. Can kusa da ƙarshe akwai baitin da take cewa tunda ba abun da yake ɓoye ga Allah to ɓoye wa bayinsa na menene, anan ne ta mayar da sarkin Hindustan bawa cikin bayi a gaban fadawansa, ita da ake kira baiwa. Wallahi duk sanda na zo wajen nan sai tsigar jikina ta tashi.

Kallo na uku kuma na masu kallo ne da madubai. Ka bi fuskar Prithviraj Kapoor daga farko zuwa ƙarshe, yadda idonsa yake kaɗawa yana ja, numfashi yana hawa, bai motsa daga kujera ba amma kana ganin wutar. Ka kalli Jodha, Durga Khote kenan, uwa ce da take tsakanin miji da ɗa. Ka kalli Salim yana gane cewa ashe bata ci amanarsa ba. Sannan sai kyamara ta ɗaga sama ta nuna ƙananan maduban rufi da bango, kowanne da Anarkali a cikinsa tana juyi, ɗaruruwa. Ba ado kawai bane wannan, sarki ya ɗaga ido duk inda ya duba ita ce, mutum ɗaya zaka iya kullewa amma wannan fa, kuma a ɗakin da aka gina dan nuna girman mulkinsa.

Shi ɗakin ma labari ne. A sutudiyon Mohan da ke Bombay, wato Mumbai ta yanzu, aka gina shi ana kwaikwayon Sheesh Mahal na ganuwar Lahore, gilashin daga Beljiyam aka kawo, masu aikin daga Firozabad garin da ya shahara da sana'ar gilashi, kuma ya ci wajen shekara biyu. Da aka gama sai ga matsala, da an kunna fitilun ɗauka sai madubai su mayar da hasken cikin kyamara komai ya wanke, har aka fara cewa bazai ɗauku ba, mai ɗaukar hoto R. D. Mathur ne ya nemo hanyar tausasa hasken yana mayar dashi ta jikin ƙyalle maimakon ya haska kai tsaye, kuma ya samu kyautar fina-finan Indiya ta Filmfare akan aikin fim ɗin. Dan haka in kaga hoton wajen yana da wani laushi, fatar mutane bata ƙyalli duk da madubi ya kewaye su, aikin hannu ne da haƙuri, ba kwamfuta a lokacin. Amsa-kuwwar da zaka ji a muryar Lata ma haka, babu na'urar yinta, a banɗakin sutudiyo Naushad yasa ta rera wajen dan a samu sautin ya dawo.

Dare na biyu zaka ga rawa ta ragu sosai, kar kace fim ɗin ya lalace, da gangan ne. Yanzu sai ka koma sauraron ƙafarta: inda da ƙararrawa take yanzu sasari ne, ƙarfe yana jan ƙasa. A waƙar Bekas Pe Karam Kijiye tana cikin kurkuku a ɗaure tana kamun ƙafa da Shugaban Madina, Sallallahu alaihi wasallam, duk wanda ya saba jin bege zai ji waƙar nan ta shige shi ko bai ji yaren ba, kuma ba mamaki tunda dama 'yan bandiri a Kano sun daɗe suna ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna mayarwa yabon Annabi. Sarƙoƙin na ƙarfen gaske ne masu nauyi darakta yasa aka ɗaura mata, alhali Madhubala tana fama da ciwon zuciya da aka haife ta dashi, huda ce a zuciyar, shine kuma yayi ajalinta a Fabrairu 1969 tana da shekara 36. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa mara lafiya wannan nauyin ba ko dan fim yayi kyau, kuma tunda na sani kallon wajen yake min wuya, amma ya kamata ka sani kafin ka yaba rawar da tayi a ɗakin madubai, da wace irin zuciya akayi shi.

In da iyali zaku kalla, ta fuskar sutura ba abun da zai sa ka riƙa neman rimot, rigar Anarkali doguwa ce mai dogon hannu da wando a ciki, ita ce ma har yau teloli da 'yan kasuwa suke kira anarkali. Abun da zaka shirya wa shine tambayar yara a wajen bikin Krishna saboda akwai gunki a sin ɗin kuma sarki yana zaune a wajen, sai ka yi musu bayanin cewa matarsa ba Musulma bace kuma Akbar an san shi da jan mabiya addinai daban-daban a jiki dan riƙe ƙasarsa. Wajen yaƙin kuma akwai dawaki da raƙuma da sojoji birjik, har da na rundunar Indiya aka aro, yara maza nan zasu farka.

Bayan ka gama, in abun ya kama ka, ga inda zaka bi. Pakeezah na 1972 wanda Kamal Amrohi ɗin nan yayi da Meena Kumari, shima akwai hannun Lachhu Maharaj a rawarsa. Umrao Jaan na 1981 da Rekha, nan kusan duk rawar a ido take. Sai Devdas na 2002 wajen da Madhuri Dixit take rawar Kahe Chhed Mohe, Birju Maharaj ne ya tsara ta, wato daga baffa zuwa ɗa, zaka ga labarin tsokanar Krishna ɗin nan ne dai aka sake. Sai Bajirao Mastani na 2015 inda Sanjay Leela Bhansali ya gina nasa ɗakin maduban Deepika Padukone tayi Deewani Mastani a ciki. Ka ɗauki wannan ta ƙarshen ka jera ta da ta Madhubala a zama ɗaya, ka ɗauki biro ka riƙa yin ɗigo duk sanda aka yanke hoto aka koma wani, kuma ka lura sau nawa ake barin fuskar mai rawar ta cika allo har baiti ya ƙare ba'a gusa ba. Masu shirya mana fim a Kano da Kaduna da Jos ma zan so su gwada wannan da waƙoƙinsu, sai su ƙara tambaya ɗaya a gefen takardar, in an cire waƙar nan daga fim ɗin wane abu ne mai kallo bazai sani ba.